Baƙon da Ke Tsakanin Ɓera da Mujiya

Gara in faɗa da bakina kafin 'yan majalisarmu su riga ni, don na san ba su iya riƙe magana ba. Ni ne tsohon nan da ya rufe rumfarsa a kasuwar hatsi ta Azare ana tsakiyar ciniki, ya ɗauki furfurarsa ya shiga motar Katagum. Ba ta'aziyya na tafi ba, ba suna ba, ba ɗaurin aure ba. Ƙarshen tatsuniya na tafi tambaya. Mai dariya ya yi yanzu ya gama, don in na fara ba na son a katse ni.

Sunana Sale, dillalin gero da dawa. Karatun boko aji biyu na yi, shi ma rabinsa a kan bishiyar kanya da ke bayan makaranta. Ɗan rubutun nan da kuke gani da girmana na tsince shi a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka in kun ga harafi ya karkace, ku miƙe shi da kanku.

A Katagum aka haife ni, a gidan da ya fi kowanne kusa da gonaki. Bayan dangarmu akwai wata tsohuwar kuka mai kogo, a kogon kuma akwai mujiya. Mutanen unguwa ba sa ƙaunarta. In ta yi kuka sai ka ji mata suna a'uziyya suna jan yara ɗaki. Babanmu ya sha ƙudurar cusa mata wuta, mahaifiyarsa ce take hanawa, wato Kaka Dudu.

Kaka Dudu Bafulatana ce, 'yar siririya, mai lanƙwasassun yatsu. In ta yi fushi Hausa takan gudu ta bar ta da Fulatanci. Ni Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika. Abin da ya ɗaure mini kai da ita shi ne, ta hana a taɓa mujiyar nan, amma in ta ga wata ta yi shanyar tsaba a gindin kukar, ko ta bar ƙwaryar gari a buɗe a wajen, ranar babu zaman lafiya a gidan. Na rasa gane ko son tsuntsuwar take yi ko ƙyamarta.

Wata rana bayan girbi muna farautar ɓerayen gona a cikin karan da aka tara. Mukan gasa su a ɓoye, don in manya suka gani duka ne. Ranar na kama wani ƙato da hannuna, ko guduwa bai yi ba. Na laɓe a bayan rumbu na feɗe shi ke nan, sai na ji an riƙe mini kunne. Kaka ce. Ba ta dake ni ba. Ta durƙusa, ta sa tsinke ta juya cinyar ɓeran. Sai ga wasu fararen abubuwa kwance a cikin naman, sirara, kamar guntayen zare.

"Maigida, da gudu ka kama shi?"

"Da gudu mana, Kaka. Sai da na sha wuya."

"Ƙarya kake. Tsayawa ya yi yana kallonka. Ka ga waɗannan? Wannan ɓeran mai baƙo ne. Je ka binne shi, ka wanke hannu da toka. In an ci tuwo zan gaya muku ko wane ne baƙon."

Lokacin ɗari ne. Da an yi sallar isha'i akan hura wuta a tsakar gida, mu kewaye ta, ni da yayata Hajo da 'ya'yan baffanninmu. Daren nan sai Kaka ta fito tana jan masaki cike da gyaɗa, ta ɗebo mana a ƙwarya, ta ce kunne ba ya jin tatsuniya da kyau in hannu yana zaune banza. Muka hau ɓara. Tsaba a faifai, ɓawo a wuta. Har yau in na ji ƙaurin ɓawon gyaɗa sai in ga kamar zan waiga in gan ta, ta miƙe ƙafafu, ta lulluɓa da tsohon zanenta na saƙi. Tana da nata salon buɗewa. Takan ce, "Ga wata nan a bakin ƙofa tana sallama." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Ta ce, ranar da aka raba wa halittu gidaje, kowa ya samu. Kifi ya samu ruwa, gara ta samu suri, ɓera ya samu rami, mujiya ta samu kogo. Sai wani ɗan taliki da ake kira Mitsitsi, wanda ƙanƙantarsa ta sa ko ganinsa ba a yi ba, aka watse aka bar shi a fili. Ba ƙafa, ba fiffike. Ya maƙale a jikin ƙwayar gero yana jira. Can sai ga Ɓera ya zo yana shinshine-shinshine. Mitsitsi ya yi sallama, ya ce a ba shi masauki. Ɓera ya ce raminsa ya cika da 'ya'ya.

A nan Kaka takan matse murya ta zama 'yar ƙarama. "Ai ba ɗaki nake so ba, mai gida. Ɗan lungu kawai a cikin namanka. Ba na minshari, ba na cin da yawa."

Ɓera kuwa hankalinsa na kan gero, ya haɗiye ƙwayar da baƙon duka. Mitsitsi ya bi jini ya sauka a cinya, ya shimfiɗa 'yar farar tabarmarsa ya kwanta. Ya daɗe yana barci. Da ya farka sai ya ji yana son aure. To amma irinsu ba sa aure a jikin ɓera, wurin ya yi matsi, mai gidan kuma ba ya zama wuri ɗaya. Sai a cikin Mujiya, can ne akwai zaure mai ɗumi inda danginsa ke haɗuwa. Yaya mara ƙafa zai hau kuka? Sai ya fara nauyaya wa mai masaukinsa ƙafafu. Ɓera zai ruga, sai ya ji wata murya daga cikin cinyarsa tana cewa, "Haba, zauna ka huta mana. Dubi farin wata. Ina kake sauri?" Ɓera ya zauna a fili yana kallon wata. Mujiya kuwa in za ta sauko ko iska ba ta jin motsinta.

Ta haɗiye shi ɗungurungum. Da gari ya waye ta amayar da gashi da ƙasusuwa a dunƙule, irin waɗanda muke tsinta a gindin kuka. Amma Mitsitsi ya riga ya wuce ciki. Aka sha biki, aka haifi 'ya'ya ba iyaka. Mujiya ta ce ita ba ta damu da baƙi ba, tun da ba sa sa ta ciwo, amma gidanta ba gidan reno ba ne, duk wanda aka haifa ya fita ta ƙofar baya. Haka 'ya'yan suka yi ta zubowa daga saman kuka, wasu kan ciyawa, wasu kan shanyar malalaciyar mace. Suka maƙale a jikin tsaba suna jira. Can sai ga wani ɓera ya zo yana shinshine-shinshine.

"Salamu alaikum, mai gida. Ai ba ɗaki nake so ba."

Na ce, "Kaka, ai nan muka fara!"

Ta ce, "Wancan ubansa ne. Wannan ɗan ne. Ɓara dai, Maigida."

Haka tatsuniyar nan ta yi ta zagayawa da mu. Kowane zagaye da irin ɓeransa, shi ya sa ban taɓa fid da rai ba. Yau ɓera mai gemu wanda ya yi rantsuwa ba zai zauna a fili ba, gobe amaryar ɓera da aka yi wa gargaɗi tun daga gidan iyayenta, jibi ɓera mai laya a wuya. Kowanne sai in ce to, wannan kam zai tsira, za a kama Mitsitsi a murƙushe shi. Ina! Sai ya zauna kallon wata. In na tambayi yaushe za a kai ƙarshe, amsarta ɗaya ce: "In ƙwaryar nan ta ƙare." Sai in duƙufa, yatsuna har suna tsagewa, in janye na gaban wasu in haɗa da nawa. Ƙwarya na ƙarewa sai ta yi hamma ta ce wuta ta mutu, sai gobe. Duk sauran tatsuniyoyinta, na kura da na dila, takan rufe su tsaf yadda ake rufewa, kowa ya tashi da kwanciyar rai. Wannan kaɗai ta bari a buɗe. Kuma ba ta fito da ita sai lokacin gyaɗa.

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Na kawo mata hanyoyi iri-iri.

"Kaka, Mujiya ta daina cin ɓera mana."

"Ta ci me? Tuwon uwarka?"

"To Ɓera ya daina cin tsaba."

"Kai fara dainawa mu gani."

"A kashe Mujiya gaba ɗaya a huta!"

"Madalla. Sai ɓeraye su cinye rumbu, in sun gama su dawo kan yatsun ƙafarka."

Na ce to me ya hana Mitsitsin ya tashi daga wannan ɓera ya shiga wancan, ya ƙyale Mujiya? Ta girgiza kai. Ta ce ba hanya. Ɓera ba ya ba ɓera, mujiya ba ta ba mujiya. Sai ya ratsa ta cikin su biyun, mai ci da wanda ake ci. In ɗaya ya ɓace, shi ma ya ɓace. Na ce to ashe su biyun wawaye ne, suna ta gaba wani yana cin riba. Ta ce, "Ka fara hankali. Miƙo faifan."

Shekarar da aka kawo ni Azare koyon dillanci, a shekarar Kaka ta rasu. Ban samu ganinta ba. Na yi kuka irin na yaro, kuma ba zan ɓoye ba, a cikin kukan har da haushin ta tafi da ƙarshen tatsuniyata. Daga nan hidimar duniya ta rufe ni. Aure, 'ya'ya, buhu da mudu. Na ɗauka na manta.

Sai a shekarun nan da wayar hannu ta shigo gari, kowa yana yawo da ita a aljihu yana ihu shi kaɗai a kan titi. Jikokina sun yi yawa, amma babu mai zama da ni. Da an ɗauke wuta sai maƙwabcina Oga Emeka, Ibo mai sayar da kayan lantarki, ya tayar da janareto, matarsa ta shimfiɗa wa yaran unguwa tabarma a gaban bidiyo. Mutumin kirki ne, ban da abin faɗa a kansa. Amma duk yamma ina zaune a tsakar gida ni da rediyona, ina jin dariyar jikokina tana tsallako katanga.

A hutun ƙarshen shekara 'yata Balaraba, wadda ke aure a Bauci, ta aiko mana da babbar 'yarta, Nana. Yarinya ce mai ido a tsaye, bakinta kamar reza. Tsoho take ce mini, ni kuma in ce mata Amarya. Ta zo da mura, sai Hajiya, matata, ta hana ta fita cikin sanyi. Ta zauna kusa da kaskon wutata tana kumbure-kumbure. Don in rarrashe ta na lalubi cikina ko akwai wata tatsuniya. Duk sun zube. Guda ɗaya ce ta taso, da muryar Kaka da komai.

Washegari mura ta yi sauƙi, janareto ya tashi, yara suka ruga. Ina zaune sai na ji an jawo kujera 'yar tsugunno. Nana ce.

"Tsoho, jiya ka tsaya a wajen ɓera mai laya."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Ni da na yi shekara da shekaru ina hira da rediyo, ga yarinya ta bar bidiyo ta zo gabana. Na gyara zama na ci gaba. Muka yi kwanaki a haka. Ranar nan dai ta ɗaga hannu kamar a aji.

"Wai yaushe za a kama Mitsitsin nan?"

Na hau tonon garwashin kasko. Bakina kuma, da ba ya shawara da ni, ya ce, "Ƙarshen ai sai daren da za ki koma Bauci."

"Ka tabbata ka san shi?"

"Ni? Tun ba a haifi uwarki ba."

"To. In ka yi mini ƙarya, Tsoho, auren nan ya mutu. Gidan Oga zan koma, kuma ko na sake zuwa hutu ba zan zauna da kai ba."

Da wasa ta faɗa, amma na san irin jininmu. Za ta aikata.

Da safe na tari Malam Isiyaku a majalisa, tsohon malamin dabbobi ne da ya yi ritaya. Na zayyana masa komai, na ce ko a littattafansu an rubuta yadda abin ya ƙare. Ya cire tabarau ya ce lallai akwai wannan halitta. Ya kira wani suna na Turanci mai tsawo wanda ban iya ɗauko shi zuwa gida ba. Ya ce ba tsutsa ba ce, ta fi haka ƙanƙanta, sai da madubin asibiti ake ganin ita kanta, fararen zaren nan jakunkunanta ne. Tana kwana a naman ɓera, ta hayayyafa a hanjin mujiya, ta fito a kashi, ta koma bakin ɓera. Maganar nauyin ƙafa kuwa, ya ce ɓera mara lafiya dama shi ya fi sauƙin kamu, sauran kakata ce ta sa gishiri.

Na ce, "Duk na san wannan. Ƙarshen fa?"

"Wane ƙarshe?"

"Yadda aka yi da shi."

"Ba a yi komai da shi ba, Malam Sale. Yana nan. Yanzu haka da muke magana yana kan hanya."

"Malam, ni ba ilimi na zo nema ba, ƙarshe na zo nema."

Wani daga gefe ya ce, "Abin da ke rayuwa tsakanin mutum biyu da ba sa ga maciji, ba ya noma ba ya saye, ai kai dillali ka fi kowa saninsa." Majalisa ta kwashe da dariya. Na karkaɗe rigata na tashi.

Cikin waɗanda suka zauna a bakin wutar nan, mu biyu muka rage, ni da Yaya Hajo. Tana Katagum a gidan ɗanta. Ita ce ta yi jinyar Kaka har ƙarshe. Na ce in akwai wanda aka bar wa, ita ce. Tafiyar Nana saura kwana biyu. Shi ne na rufe rumfa.

Na same ta a inuwar ɗaki, ido ya yi rauni amma kunne garau. Muka gaisa, aka tambayi na gida, aka yi addu'a ga waɗanda suka riga mu. Sai da aka kawo fura na sha sannan na sunkuyar da kai na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce in maimaita. Na maimaita.

"Ikon Allah," in ji ta. "Tun daga Azare?"

"Tun daga Azare, Yaya."

"To ai magana ce mai tsawo. Jawo ƙwaryar can ka taya ni, yaran gidan nan ba sa taɓa mini komai. In ta ƙare sai in gaya maka."

Jama'a, na jawo. Na naɗe hannun babbar rigata na hau ɓarar gyaɗa. Tsaba a faifai, ɓawo a gefe. Tana ta ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure, ni kuwa ina sauri, babban yatsana yana zafi, ina leƙen gindin ƙwarya. Sai da na kusa gamawa na ji wani irin sauti. Na ɗaga kai. Yaya Hajo ce ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da ta ga na gani sai ta saki dariyar, har da tari, har da hawaye.

"Wayyo Allah, Sale! Har yanzu? Da gemunka fari fat?"

Na dubi ƙwarya, na dubi hannuna. A nan ne abin ya faɗo mini, bayan shekaru fiye da hamsin.

Ta ce yatsun Kaka sanyin ƙashi ya lanƙwasa su, ba ta iya fasa ko ƙwaya ɗaya. Ga gyaɗar mai da ƙuli, wadda da ita take rufa wa kanta asiri. Yaro kuwa ba ya zama ɓarar gyaɗa don Allah. Shi ne ta ɗauko abin da take gani a bayan danga ta mai da shi tatsuniya. "Mu duk mun gane tun a shekara ta biyu. Muka yi shiru, don kai kaɗai kana yin aikin mutum uku. In ka tashi fitsari sai ta ce mana, ku bar mini ɓerana ya yi ta kallon wata."

Na ce, "Yanzu duk gidan nan kun haɗa baki a kaina?"

"Har Baba ya sani."

Na yi zuciya na miƙe, sai gwiwa ta ƙi, na koma na zauna. Na ce to ko da wasa, ba ta taɓa faɗin wani ƙarshe ba? Yaya Hajo ta share ido, dariyar ta lafa. Ta ce ta tambaye ta ana saura kwanaki ta cika, don ta san zan so ji. Kaka ta ce mata, "Abin da bai ƙare a bayan danga ba, ni ce zan ƙarar da shi a bakina? In ya dawo ki ce ya je gindin kuka ya duba."

Na je. Gari ya ci gonakin, an yi gine-gine, amma kukar tana nan. A gindinta ga dunƙulen gashi da ƙashi, sabo, ga farin kashi ya zubo a jikin itacen. Na tsaya na ɗaga kai na faɗa wa kogon maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Wata mata mai tallan daddawa ta ratse ta canza hanya.

A mota na yi ta ƙera ƙarshe da kaina. Da daren tafiyar Nana ya zo na gwada mata. Na ce kogi ya yi ambaliya ya cinye ɓerayen Katagum kaf, Mitsitsi ya rasa masauki ya mutu.

"Na Azare fa?"

"Su ma ruwan ya iso su."

"Jiya na ga ɗaya a kicin ɗin Hajiya."

Na ce to Mujiya ce ta tuba ta koma cin fara. Ta ce in ta tuba 'ya'yanta ma sun tuba ne? Wallahi kamar ina jin kaina ina yaro, sai dai yanzu ni ne a wurin da ake jifa. A bayan katanga janareto yana ta ruri, ana jin kiɗan fim. Ta waiga wajen sau ɗaya. Na ga aurena yana tangal-tangal.

Sai na tashi na shiga ɗaki, na ɗauko gyaɗar da Yaya Hajo ta ba ni tsaraba, na juye a ƙwarya na dire a gabanta. Na ce, "In wannan ta ƙare."

Ta dubi ƙwaryar. Ta dube ni. Sannan ta gyara zama ta ɗauki ɗaya ta fasa. In ta ɓare biyu sai ta jefa ɗaya a baki. Ba mu yi nisa ba ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Tsoho, ba ka san ƙarshen ba ko?"

Abin da ya ɗauke ni shekara hamsin da kuɗin mota, yarinyar nan ta gano shi kafin ƙwarya ta yi rabi. Na jira ta tashi ta tafi gidan Oga. Ba ta tashi ba. Ta ce in matsa, ita za ta yi na yau. Ta kawo wani ɓera ɗan acaba wanda ba ya tsayawa ko'ina, kullum a guje, Mitsitsi ya yi ta magiya ya ƙi zama. Har na fara murna. Sai ga shi mai ya ƙare masa a daidai gindin kuka. Hajiya da ke ɗaki tana jin mu sai da ta yi dariya.

Tun daga ranar nake juya abin a raina in kasuwa ta yi sanyi. Da ina jin haushin Kaka don ta hana ni ganin an hukunta mai laifi. Yanzu haushin da nake ji ya fi wancan, don na gane ita kanta tatsuniyar halin Mitsitsi gare ta. Ta shige ni a kan ƙwayar gyaɗa ban sani ba, ta shimfiɗa tabarma a cikin namana ta yi barcinta, ina ta harkokina ina ganin ni ke da kaina. 'Ya'yana na cikina ko sau ɗaya ba ta motsa don su ba. Sai da jika ta zo ta zauna a gabana sannan ta farka, ta hana ni ciniki, ta kai ni Katagum ta dawo da ni. Ko ni ne ɓeran ko ni ne mujiyar, wannan kuma na bar wa 'yan majalisa, tun da ba su da aikin yi.

Bayan wata guda wayar da ɗana ya saya mini ta yi ƙara ina tsakiyar awo. Balaraba ce. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce, "Baba, wai me ka zuba wa yarinyar nan? Kullum da yamma sai ta tara ƙannenta da 'ya'yan maƙwabta, ta sa su tsince mini wake, tana ba su wani labarin ɓera da ba ya ƙarewa. Jiya ƙaramin har kuka ya yi wai sai an kama wani Mitsitsi." Kafin in samu abin cewa sai na ji ana kokawa da wayar, sai ga muryar Amarya.

"Tsoho, na gaya musu kai kaɗai ka san ƙarshen. Da babbar Sallah dukanmu za mu zo. Ka tanadi gyaɗa."